Lucera, garin kan tudu da Musulmi suka zauna sama da shekara 70

Daga birnin Fojja na hau ƙaramin jirgin ƙasa da hantsi, a cikin watan Yuni, kuma tafiyar ba ta ɗauki fiye da minti 20 ba kafin in hango Lucera a kan tudunta. Tsakanin garuruwan biyu shimfiɗaɗɗen fili ne da ake kira Tavoliere, wanda ya shahara a duk Italiya da noman alkama, kuma a lokacin an fara girbi, gonaki sun yi jawur iya ganin ido. Sunan garin bai ba ni wahalar faɗa ba, domin mutanen wurin suna furta harafin c ɗin da ke cikinsa kamar yadda muke furta shi a kalmar "ci".

Abin da ya kawo ni shi ne tarihin da na daɗe da karantawa. Tun daga shekarun 1220, Sarki Firedirik na Biyu, mai mulkin Sisiliya da kudancin Italiya, ya riƙa kwaso Musulmin tsibirin Sisiliya da suka yi masa tawaye yana tsugunar da su a nan, nesa da teku da 'yan uwansu na Arewacin Afirka, har yawansu ya kai dubbai. Ya bar musu addininsu da alƙalansu, suna biyan haraji, suna noman alkama da sha'ir, kuma daga cikinsu ne yake ɗaukar maharban baka na rundunarsa. Malamin tarihi Ibn Wasil, wanda Sarkin Masar Baibars ya aiko jakada zuwa wannan yanki a 1261, ya rubuta cewa ana sallar Juma'a a Lucera a fili. A watan Agusta na 1300, Sarki Sharl na Biyu na gidan sarautar Anju, da ke mulkin yankin a lokacin, ya sa aka auka wa garin, aka kashe wasu, aka sayar da mafi yawan mutanen a matsayin bayi, aka kuma sauya wa garin suna.

Daga tasha na hau tudu da ƙafa ta cikin lunguna masu daɓen dutse har na fito dandalin tsakiyar gari, inda babban cocin yake. An fara gina shi a shekarar da aka watse Musulmin, a gurbin da masallacinsu yake. Gini ne na jan bulo, mai kwarjini, kuma cikinsa akwai sanyi da shiru. Na zauna a benci na baya na ɗan lokaci, ina kallon wata tsohuwa da ta shigo da kwandon cefanenta, ta kunna kyandir, ta motsa leɓɓa, ta fita. Ban ji haushinta ba ko kaɗan, domin ibadarta take yi a inda ta tarar da iyayenta suna yi, amma zuciyata ta yi nauyi da na tuna cewa a wannan ƙasar da ke ƙarƙashin tafin ƙafata mutane sun taɓa yin sahu.

A gefen gari akwai dandalin wasanni na zamanin Sarki Agustas na Rumawa, na leƙa shi, ban daɗe ba.

Inda na ɓata mafi yawan yinina shi ne ganuwar da ke bakin tudun Albano. Firedirik ya gina fadarsa a wurin a 1233, daga baya Sharl na Ɗaya, mahaifin Sharl na Biyu, ya kewaye ta da ganuwa mai tsawon kusan mita 900 da hasumiyoyi sama da 20, mafi girma a cikinsu ita ce wadda ake kira Hasumiyar Zakanya. Daga waje ganuwar tana nan tsaye kamar ba ta tsufa ba, amma da na ƙetara gada na shiga, sai na tarar da fili fayau, babu komai sai busasshiyar ciyawa da gindin fadar da ya rage. Iska tana kaɗawa da ƙarfi, ƙadangaru suna gudu a kan bulo mai zafi, kuma daga ƙasa ana jin rugugin injin girbi. Kilomitoci kaɗan daga nan, a Fiorentino, Firedirik ya rasu a Disamba 1250, shekara 50 kafin a watse mutanen da ya tsugunar.

Na zaga ganuwar ina duba duwatsunta ko zan ga rubutun Larabci ko alamar mihrabi, ban ga ko ɗaya ba. Abin da na ga ya saura daga rayuwar mutanen shi ne gonakin da ke ƙasa, waɗanda har yau alkama ake shukawa a cikinsu.

Da rana ta karkata, na nemi inuwa a gindin wata hasumiya, na yi alwala da ruwan gorata, na duba alƙibla a waya ta nuna mini kudu maso gabas, ta saman gonakin. Na shimfiɗa rigata ta sama a kan ciyawa na yi Azahar raka'a biyu ta matafiyi, na yi wa mamatan garin addu'a, sannan na kakkaɓe rigar na gangara tasha domin kama jirgin komawa Fojja.