Godiya ga duk wanda ya sa hannu a gyaran majami'armu

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Lahadin da ta wuce aka keɓe majami'ar ƙauyenmu bayan kammala gyara. A madadin 'yan ƙauyen da ke zaune a nan Jos nake miƙa wannan godiya.

Iskar farkon damina ce ta yaye kwanon gaba ɗaya, sai da muka koma yin sujada a ajin firamare. Da muka zauna shawara, wasu suka ce a rushe a tayar da na bulo irin na birni. Dattawan ekklesiya suka ce a'a. Iyayenmu, mun gode da kuka tsaya. Bangon nan na dutse ne, kakanninmu suka faso shi daga tsaunin bayan gari, suka jera da jar ƙasa. Kaurinsa ya wuce kamu ɗaya, shi ya sa ko a watan Maris ciki yake da sanyi, lokacin hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Iskar ba ta motsa dutse ko ɗaya ba. Ekklesiyarmu ta COCIN (Church of Christ in Nations) da ta samo tushe daga zuwan 'yan mishan garin Wase a 1904, a ganina irin waɗannan ƙananan majami'u ne suka raine ta.

Zumuntar Mata, me za mu ce muku? Ku kuka ɗebo yashi a rafi da daro a ka, ku kuka dafa gwaten masu gayya, ran keɓewa kuma kuka ɗauki tulu da kacau-kacau kuka raira har tsofaffi suka miƙe. Matasa suka hau jigo ba su karɓi ko sisi ba. Akwai gwauruwar da ta kawo mudun acca biyu baiko, ta ce a sayar a sayi ƙusa. Allah ya gani, Mama.

Mun gode wa Rabaran da iyalinsa, da 'yan'uwa na Abuja da suka biya kuɗin kwano, da Alhajin da ya rage mana farashin katako a kasuwar Katako da ya ji na ɗakin sujada ne.

Tsohon rim ɗin motar da ake bugawa a kira sujada an mayar da shi kan itacensa. Saura tagogi da bencina, bayan bikin godiyar girbi za mu sake zama a kansu, duk mai niyya ya ga sakataren ekklesiya.

Ubangiji ya sāka muku, ya kiyaye gidajenku da gonakinku. Amin.