Yadda na rubuta dalilan ɗaukaka ƙara a wata shari'ar gona

Aikin da ya fi koya mini lauyanci shi ne rubuta dalilan ɗaukaka ƙara a kan wata gona ta wani dattijo. Ya yi nasara a kotun shari'ar Musulunci ta ƙasa, abokin shari'arsa ya tafi kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta jiha, ƙadai, wato alƙalan wannan kotun, suka juya hukuncin. Daga nan ne aka kawo mini fayil ɗin, saura 'yan makonni wa'adin wata 3 da doka ta bayar na kai ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ya cika.

Dattijon ya zo da cikinsa fal da magana. Shaidun wancan ɓangaren surukansa ne, mai unguwa ya ci amana, kakansa ne ya sare dajin. "Barista, duk ka rubuta musu," in ji shi. Na ce, "Baba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta sake sauraron shaidu. Takarda take karantawa, tana neman inda alƙali ya kauce." Bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ƙa'idar tana da tsauri. Kowane dalili a taƙaice, da lambarsa, ba labari ba muhawara. In ka ce an yi kuskure a doka, sai ka jero bayanin kuskuren a ƙarƙashinsa. Dole kuma ya soki abin da hukuncin ya dogara a kai, ba wata magana da alƙali ya yi a kan hanya ba. Dalilin da ba ka fitar da tambaya daga cikinsa ba a takardar hujjojinka, kotu za ta ɗauka ka yi watsi da shi. Shi ya sa ba na ganin amfanin tara dalilai goma sha, kamar yadda wasu abokan aiki ke yi don mai ƙara ya ga kuɗinsa sun yi aiki.

Na fara da hauzi, wato hujjar daɗewa ana riƙe da abu ba wanda ya yi jayayya, domin dattijon ya haura shekara 10 yana noma gonar, wancan yana gari yana gani bai ce uffan ba, kuma ba dangi ba ne. A mazhabar Malikiyya wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma da na zauna na karanta takardar ƙarar farko, sai na ga babu gado a cikinta, babu kyauta, babu wasiyya, babu waƙafi. Mutum biyu ne kawai kowa na cewa gonar tasa ce. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita hurumi, wato ikon sauraron ƙara, na kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ga irin waɗancan al'amura da na aure da riƙon yara. Takaddamar mallakar fili zalla ba ta ciki, Babbar Kotun Jiha ya kamata a nufa. Abin da ke ƙayyade hurumi shi ne abin da mai ƙara ya nema tun farko, ba addinin masu shari'ar ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

Ba wanda ya ta da maganar a can baya, amma batun hurumi ana iya kawo shi a kowane mataki. Na sa shi a matsayin dalili na ɗaya, hauzi na biyu, sannan dalilin nan na gama-gari cewa hukuncin ya saɓa wa nauyin shaida.

A kan na ɗayan kotu ta tsaya. Ta rushe hukuncin ƙadan, ta ce a kai ƙarar Babbar Kotu a saurara. Hauzin da na sha wahalar rubutawa ko kallonsa ba ta yi ba. Sai da na zaunar da dattijon na bayyana masa cewa ba a ce gonar tasa ce ba tukuna, akwai sauran zama a gaba, da sauran kuɗin mota. Tun daga lokacin, duk fayil ɗin fili da aka kawo mini, takardar ƙarar farko nake fara buɗewa kafin in karanta hukuncin.