Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Furen Da Aka Yanka Babu Ko Sisi A Hannu

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda na daina sayar da fulawar roba, na koma ga ɗanyen fure, har na kama ɗan shago a hanyar Rayfield a Jos. Yau labarin watan Fabrairun 2023 zan ba ku, watan da aka nemi takardar naira aka rasa. Amma kafin nan sai kun san matar da nake sayen fure a wurinta, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane abin da ya faru ba.

Mutane da yawa suna mamaki in na ce wardin da ke shagona a nan Filato aka noma shi. Ba abin mamaki ba ne. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200 daga teku, kuma sanyin da ke sa mu yi dankalin turawa da kabeji da sitiroberi shi ne dai wardi yake so. Ruwa kuwa, Turawan kuza sun tafi sun bar mana ramuka ko'ina daga Bukuru zuwa Barikin Ladi, ruwan sama ya cika su. A bakin ɗaya daga cikin waɗannan kududdufai, can wajen Vom, lambun Ngo yake. 'Yar Birom ce, dattijuwa, mijinta ya rasu ya bar mata gonar. Ni Ngo nake ce mata kamar yadda 'ya'yanta ke ce mata, ita kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, kullum "'yata". Tana da kunyoyin wardi ja da fari da ruwan hoda, da giladiyolas, wani fure mai dogon kara, a gefe, sai ɗan farin furen nan mai ƙananan ido da muke cike ƙunshi da shi.

Tun farkon hulɗarmu muka yi wata yarjejeniya da har yau nake ganin ita ce jarina na gaskiya: farashi ɗaya duk shekara. Fure yana da lokacin tsada, wato Disamba da Fabrairu da makonnin da ake rububin aure kafin azumi, yana kuma da lokacin da ko kyauta ka bayar sai an yi maka yanga. Da damina ta yi nisa, ganyen wardi yakan yi baƙaƙen tabo, furen ya jiƙe ya ruɓe tun yana kan itacensa, wani lokaci ƙanƙara ta sauko ta yi wa lambu kaca-kaca. A irin wannan lokaci dillalai ba sa ɗaga wayar manomi. Sai Fabrairu ta kawo kai ka ga motocinsu a bakin gona, suna ninka kuɗi don su kwashe komai a rana guda. Ni ban ga laifin mai neman riba ba, amma itacen wardi ba ya sanin wata. A watan Agusta ma yana son taki da aski da feshi, kuma wanda ya yi masa wannan hidima yana cin abinci a watan Agusta. Don haka nake ɗaukar kayan Ngo kowane mako, da ciniki da babu, ita kuma ba ta ƙara mini ko kwabo ranar da kasuwa ta yi zafi.

To, a ƙarshen 2022 Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Kowa ya kwashi nasa ya kai banki, sababbin kuma suka ƙi fitowa. Duk wanda ya yi wannan zamani ya san sauran: layi a bakin banki tun asuba, masu POS suna yankar kuɗi mai tsoka kafin su ba ka naka, taransifa ta fita daga asusunka ta maƙale a hanya. Ga wahalar mai a kai, ga zaɓen shugaban ƙasa an sa ranar 25 ga watan.

Ana cikin haka wata Hajiya mai kwalliyar wuraren biki a Abuja ta kira ni. Tana da kamu da dina a mako guda, na 'yar wani babban gida, kuma ranar masoya ta faɗo a Talatar makon, 14 ga wata. Mu a gidanmu ba ranar da muke yi ba ce, amma a Abuja ita ce ranar da wardi ya fi kowace rana fita. Hajiya ba ta ɓoye mini ba, ta ce da na Kenya ta saba aiki, wanda ake nomawa a rumfunan leda a gefen tafkin Naivasha a ɗauko shi a jirgi cikin sanyi, amma bana kuɗinsa ya fi ƙarfinta. Ni ma ban ɓoye mata ba. Na ce, "Hajiya, namu bai kai nasu tsawon kara ba, kansa bai kai nasu girma ba, kuma ba za ki samu ɗari su fito kai ɗaya ba. Amma za a yanke shi da asuba ya kwana a hannunki, kuma in kin shiga ɗakin za ki ji ƙamshi." Ta ce in turo. Ta tura rabin kuɗin nan take, na ga alat, amma kuɗin da ba ka iya taɓawa a wannan mako sunansa kuɗi ne kawai.

Na hau mota zuwa Vom, don irin wannan magana ba ta waya ba ce, zumunta a ƙafa take. Na sami Ngo zaune a kan dutse, injin ban ruwa a kashe, ƙasan kunyoyin ta fara tsagewa. Muka gaisa, na tambayi jikoki, sannan na faɗa mata yawan abin da ake so.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yata, furen yana nan. Amma injin ba mai, 'yan bumburutu sun ce sai kuɗi a hannu. Yaran da ke min aiki tun wancan mako ban sallame su ba, biyu sun daina zuwa. Jiya wasu suka zo daga Abuja da sababbin kuɗi a leda, suka ce in ba su duka."

Gabana ya faɗi. Na ce, "Me kika ce musu, Ngo?"

Ta ce, "Na ce akwai mai shi."

Ba ta ƙara komai a kai ba, ta tashi ta shiga duba toho. Ni kuwa na kasa magana. Matar nan tana buƙatar takardar kuɗi fiye da yadda nake buƙatar furenta, an kawo mata har gona, ta mayar.

A hanyar dawowa na yi ta lissafi. Abin da yaran aikin suke nema da kuɗin ai abinci ne. Yayana yana da rumfar hatsi, kuma shi ma cinikinsa ya tsaya tunda masu saye ba su da abin biya. Na same shi bayan la'asar na ce, "Yaya, zan tura maka kuɗi ta waya, ka auna min masara da shinkafa da wake, ka ƙulla kwano-kwano." Ya ce in dai alat ya shigo, ko buhu nawa ne. Sai da aka yi sallar isha'i alat ɗin ya shigo. Mai kuma maigidana ya samo a wani gidan mai da ke karɓar kati, ya kwana a layi da jarka biyu. Washegari muka kai komai gona. Ngo ta tara yaran, ta tambayi kowa ko ya yarda a biya shi da hatsi a kan farashin kasuwa, ragowar kuma a rubuta. Babu wanda ya ƙi. Jikarta mai zuwa sakandare ta ɗauko littafin makaranta ta rubuta sunan kowa da abin da ya karɓa da abin da ya rage, ni ma aka buɗe min shafi, aka rubuta bashin da ke kaina. Kafin azahar injin ya tashi.

Ranar yanka a gidan Ngo na kwana. Fure ba a yanka shi da rana, sai da sanyin asuba lokacin da karan ya sha ruwa ya ƙoshi. Hunturu bai gama tafiya ba, yatsu har ƙagewa suke yi a kan almakashi. Ngo tana gaba da tocila a goshi, tana taɓa kowane toho da ɗan yatsa. Wanda ya yi tauri ta wuce shi, don ba zai buɗe a hanya ba, sai dai ya sunkuyar da kai ya mutu a haka. Wanda ya buɗe sosai shi ma ta wuce, wannan na kasuwar gida ne. Wanda take so shi ne wanda koren ganyen da ke rufe da shi ya saki, leɓen fure ɗaya ko biyu ya fara ɗagowa. Ta yanka a karkace, ta miƙo baya, yarinya ta tsoma a bokiti nan take. Ni aikina zage ganyen ƙasa da ƙaya, don duk ganyen da ya nutse a ruwa ruɓewa yake yi, ya ɓata ruwan, ya toshe karan. Bokitan kuwa tun dare muka wanke su tas, muka ɗiga Hypo kaɗan da ɗan sukari a ruwan. Giladiyolas a tsaye muka ɗaure shi, don in ya kwanta na 'yan sa'o'i sai kansa ya lanƙwashe yana neman sama, kuma ba ya miƙewa.

A tasha aka so a samu matsala. Direban da na saba ba wa kaya ya riga ya cika bayan motarsa da kwandunan tumatir daga Farin Gada, ya ce a ɗora kwalayena a kai.

Na ce, "Malam, don Allah ba a haɗa su. Tumatir in yana nuna akwai iskar da yake fitarwa, ita ke sa fure ya tsufa ya zube kafin lokacinsa. Ayaba ma haka."

Ya ce, "Hajiya, ni da na ɗauka tsoron matsewa kike yi."

Na biya kuɗin kujerun baya gaba ɗaya, shi ma ta waya, ya yarda don ya san ni. Muka jera bokitai da kwalaye, muka rufe tagogin da zani mai jiƙe. Na roƙe shi abu guda: in ya gangara Hawan Kibo kada ya tsaya cin abinci. Duk mai bin hanyar nan ya san da ka sauka daga tudun, sanyin Jos ya ƙare, daga nan har Akwanga da Keffi zafi ne, ga cunkoson Mararaba da Nyanya yana jira. Awa ɗaya a tsaye cikin rana ta isa ta dafa kayan. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma a wannan biki ni ce zan ji kunyar tare da ita.

Da yamma Hajiya ta kira. Ta ce wasu 'yan kaɗan sun sunkuya, na ce ta sake yanke gindinsu ta tsoma su cikin ruwa mai zurfi a ɗaki mai sanyi, zuwa dare za su farfaɗo. Ranar dina ta turo min hotuna. Ta ce uwar amarya ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayar wane turare aka fesa. Tun daga wannan biki Hajiya ba ta sake yin aiki ba tare da ta tambaye ni abin da ke lambu ba, ko da za ta haɗa da na waje.

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, amma sai da aka ƙara kwanaki kafin bankuna su fara bayarwa. Kuɗin farko da na riƙe a hannuna, tsofaffin dubu-dubu ne da suka sha jiki, ban biya ta shago ba, Vom na wuce. Jikar ta ɗauko littafin, aka kira yaran ɗaya bayan ɗaya, aka biya kowa ragowarsa, aka soke shafina. Na ƙara wani abu a kai na ce na dillalan da ta mayar ne. Ngo ta ƙirga, ta zare ƙarin ta mayar min a tafin hannu, ta ce farashinmu ɗaya ne, in ina son yi mata alheri in nemo mata wanda zai duba injin, don ya fara shan mai fiye da kima.

Injin nan shi ne labarinmu na mako mai zuwa in Allah ya kai mu, don ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, kuma dole ni da Ngo muka zauna a kan farashin da muka ce ba za a taɓa ba.