Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Birji A Cikin Kwalba

Assalamu alaikum, masu karatu. Makon jiya mun tsaya a bakin wurin aiki, inda karatun aji ke haɗuwa da laka. Duk wanda ya ƙare rayuwarsa a gyaran tsofaffin gine-gine, ƙasa da ruwa ne abokan zamansa, don haka kashin yau nasu ne, tare da abin da binciken jami'a ya ƙara mana a kansu.

Tun kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, maginan Zariya da Kano da Katsina sun san birji mai kyau da tafin hannu. Abin da babu shi ne awo a rubuce. Wani masanin zanen gini ɗan ƙasar Poland, Dmochowski, ya bi fadoji da masallatai yana aunawa yana zanawa, kuma da wannan awon aka sake gina kwatankwacin Masallacin Juma'a na Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Farfesa Hamman Tukur Sa'ad kuma ya zauna da magina ya ji ta bakinsu, ya yi digirinsa na uku a kan fasaharsu a 1981. Amfanin wannan a wurin aiki a fili yake. Idan baka, wato lanƙwasasshen ginshiƙin da ke ɗauke da rufi, ya faɗi babu zane, mai gyara lalube zai yi. Idan akwai zane, ya san kaurin ƙafar, ya san tsayin da ta fara lanƙwasa.

Awon ya tabbatar da abin da magina ke faɗa, cewa azara ita kaɗai ba ta ɗaukar rufin da ya wuce ƙafa shida, kimanin mita 1.8. In ɗaki ya fi haka sai a yi tauyi, wato a zarto da azara daga kan bango don rage faɗin, in ya ƙara faɗi sai baka. Shi kuwa baka azara ce hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure da igiya, a binne da laka, a jira ya bushe kafin a ɗora na gaba. Saboda haka tsaga a jikin baka ba a shafe ta da yaɓe a wuce. Gara ba ta cika cin azara ba, amma gindinta da ke binne a bango yana ruɓewa in laima ta daɗe a wurin.

A nan ne siminti ya yi mana ɓarna. Mai gida ya gaji da yaɓe kowace shekara, sai ya sa a lulluɓe bangon ƙasa da filastar siminti, yana ganin ya huta. Shekara biyu, uku, lafiya lau. Binciken da aka yi a makarantu irin su cibiyar CRATerre ta makarantar zanen gini a Grenoble, ƙasar Faransa, wadda aka kafa a 1979, ya fayyace abin da ke faruwa a ciki. Bangon ƙasa yana tsotsar laima daga tushe kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ya fitar da ita ta jikinsa. Siminti ya toshe mafitar. Ga shi kuma ƙasa da siminti ba sa motsi tare tsakanin zafi da sanyi, sai filastar ta tsage, ruwan sama ya bi tsagar ya shige. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Ka ƙwanƙwasa irin wannan bango da ɗan yatsa, za ka ji yana amsawa kamar ganga. Ka ɓamɓare tafin hannu ɗaya, za ka tarar da ƙasa ta zama gari, da farin gishiri a kai, wani lokaci har da hanyar gara.

Gyaran na rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris. Ana cire simintin kaɗan-kaɗan, kamar mita ɗaya a tsallake mita ɗaya, kuma in akwai baka a sama sai an tokare shi tukuna. A bar bangon ya sha iska makonni. A kankare ƙasar da gishiri ya cinye har a kai ga mai tauri, a kwashe ta nesa, kada a mayar da ita cikin kwaɓi. Ramin da ya yi zurfi da busasshen tubali ake cike shi. Wanda ya cusa ɗanyar laka dunƙule guda, in ta bushe za ta tsuke ta rabu da bango. Yaɓe kuwa hawa-hawa ne, kowanne kaurin yatsa ɗaya zuwa biyu, da kwaɓin da aka tattake da ciyawa aka bar shi ya kwana ya kwana, kuma a yayyafa wa bango ruwa kafin a shafa. A gama da makuba ta ɓawon ɗorawa. Rufi laso yake so, wato katsi na marina da gashin jima da dafara, sai dai marina sun ragu, katsi ya yi wuya, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Daga ƙarshe a gyara gangaren ƙasa ruwa ya riƙa gudu daga gindin bango, a tabbatar indararo ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa.

Kwalbar da ke cikin taken wannan kashi ta gwajin ƙasa ce. A zuba birji kashi ɗaya cikin uku na kwalba, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta cikin minti ɗaya, laka kuwa sai ta kwana. Washegari a auna kowane hawa da ruwla. Gwajin da ya fi shi shi ne na akwatin katako mai tsawon santimita 60, faɗi da zurfi 4. A shafa mai a ciki, a cika da kwaɓi, a bar shi kwana uku a rana ko bakwai a inuwa, a tura busasshen gefe guda a auna giɓin. In ya wuce santimita 6, laka ta yi yawa, a ƙara yashi.

Da wannan awon ake sanin simintin da bulon ƙasa na matsi yake bukata. Injin matsin na hannu, CINVA-Ram, a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka ƙera shi a shekarun 1950, jami'ar kimiyya ta Kumasi kuma ta fito da nata daga baya. Siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100 ya isa, wato buhu ɗaya mai kilo 50 ya ba da bulo ɗari da 'yan kai. A tankaɗe ƙasa, a gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa. Ka dunƙula ka sake daga tsayin mita ɗaya: in ya fashe gida huɗu ko biyar, ruwa ya yi daidai, in ya baje kamar waina ya yi yawa. Kada kwaɓin ya wuce awa ɗaya ba a matse ba. Inda aka fi kuskure shi ne shanya sabon bulo a rana. Siminti laima yake so kafin ya kama, sai a rufe da leda mako ɗaya zuwa biyu, a jira kwana 28 kafin a ɗora gini. Bulon da aka shanya gefensa na marmashewa a hannu, sai a ce fasahar ce ba ta da kyau.

Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin wannan ilimi yana jibge a ɗakunan karatu, da Turanci, maginin da ke riƙe da cokali bai taɓa jin sa ba. Masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu a zamanin Sarki Abdulkarimu, wani sashensa ya rufta a kan masallata ranar 11 ga Agusta, 2023, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk mai kula da tsohon gini ya kamata ya iya bibiyar tsaga, kuma abin ba shi da tsada. A manna siririn gilashi a gicciye kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe, a auna faɗinta kowane mako, a ƙara sa ido da damina. In gilashin ya fashe, ko faɗin yana ƙaruwa, ginin yana motsi ke nan. A fitar da mutane, a tokare, sannan a kira injiniya da sarkin magina su duba tare.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun ganuwar Kano da kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu.