Kwantenar da ke mutuwa da lamba 137

Mu huɗu ne a kamfanin. Aikinmu ɗora manhajojin mutane a kan sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da su tana tafiyar da su, mu kuma kula da su kada su faɗi. Wani dare manhajar wani abokin cinikinmu ta dinga mutuwa tana tashi a cikin kwantenarta, wato keɓaɓɓen gurbin da ake ware wa manhaja a kan sabar. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya kira ni: "Maigida, kwantenar nan ta lalace, in sake gina ta?" Na ce ya karanto min lambar da ta bari. Ya ce 137.

Lambar nan 128 ce aka tara da 9, ita 9 kuwa siginar kisa ce a Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar tamu. Da muka duba, kashe ta aka yi, domin ta ci ƙwaƙwalwar kwamfuta (RAM) fiye da megabayit 512 da muka yanka mata.

Washegari na zaunar da shi, don na lura yana ɗaukar kwantena kamar wata 'yar kwamfuta ce a cikin babba. Na buɗe jerin ayyukan da ke gudana a kan sabar, ga manhajar a tsakiyar jerin da lambarta ta dubbai. Muka shiga cikin kwantenar, sai ga ta tana kallon kanta a matsayin lamba 1, ba ta ganin kowa. Manhaja ce kamar kowace, zuciyar Linux, wato sashensa da ke juya komai, ita ce kawai ta kewaye ta da labule: ta ba ta nata fayilolin, nata adireshin sadarwar, nata jerin ayyukan. Sannan akwai cgroups, da injiniyoyin Google suka fara a 2006 ya shiga Linux a 2008, shi ke auna wa kowa rabonsa na ƙwaƙwalwa da ƙarfin aiki, kuma shi ne iyakar da manhajarmu ta tsallaka. Da Docker, manhajar haɗa kwantenoni, ya fito a 2013 duk ya tarar da waɗannan a ƙasa. Abin da ya kawo shi ne sauƙin ƙunshe manhaja da kayanta hawa-hawa, a ɗauke ta a kai ko'ina. Duk kwantenonin zuciya ɗaya suke amfani da ita, shi ya sa suke tashi nan take, shi ya sa kuma ba na yarda a bar ɗaya ta yi aiki da cikakken iko.

Mai tayar da kwantenar tamu in ta mutu kuwa Kubernetes ne, tsarin kula da kwantenoni wanda Google ya fitar a 2014. Kai dai ka rubuta masa cewa kwafin manhajar uku kake so, shi kuma ba dare ba rana yana gwada abin da ke ƙasa da abin da ka rubuta. Bayanan suna cikin wani rumbu mai suna etcd, da ake ajiyewa a kan na'ura uku ko biyar saboda sai mafi yawansu sun amince ake rubuta komai. Amma Kubernetes bai san dalilin mutuwar ba. Tayarwa kawai yake yi, yana ƙara jinkiri har ya kai minti biyar tsakani.

Gaskiya, yawancin masu zuwa suna neman Kubernetes sabar ɗaya da Docker ta ishe su, kuma ina faɗa musu haka ko da zai rage mana ciniki.

A daren mun ɗaga iyakar zuwa gigabayit 1. Daga baya aka gano rahoton ƙarshen wata ne ke loda fayil gaba ɗaya a ƙwaƙwalwa. Mai manhajar ya gyara shi yana karantawa kaɗan-kaɗan, muka mayar da iyakar 512.