Wa da wa ke da haƙƙi a gidan? Abin da na koya a ofishin lauya a Katsina

Shekara shida na yi ina aikin akawu a ofishin wani lauya a nan cikin Katsina, ni ke buga takardun ciniki, ni ke kai fayil kotu, ni ke zirga-zirgar ma'aikatar filaye. Kafin nan yadda kowa ya ɗauki sayen gida haka ni ma na ɗauke shi, a ga gida, dillali ya shiga tsakani, mai gida ya ce ya sallama, a ba da kafin alƙalami, mai unguwa ya buga hatimi, a shafa fatiha a watse. To wallahi mafi yawan waɗanda suka shigo mana ido ya yi ja duk sun yi wannan, babu wanda suka tsallake.

Akwai wani dattijo da har yau nake tunawa, tsohon malamin firamare ne. Ya tattara kuɗin sallamarshi ya haɗa da na wata gona da ya saida, ya sayi gida a cikin gari wajen Ƙofar Marusa naira miliyan 6. Ranar da ya zo, takardar tana cikin baƙar leda ya ninke ta huɗu, fallen littafin makaranta ce an rubuta da biro, ga dangwalen mutum uku, ga shaidu, ga hatimi. A hannu ɗaya kuma sammacin kotu. Gidan gado ne, mai gidan da matarshi duk sun rasu, sun bar maza biyu mata biyu. Babban wan ne ya saida, ƙaninshi da ƙanwa ɗaya suka dangwala, ta huɗun tana aure a Daura ko waya ba a yi mata ba, sai bayan wata bakwai da ta zo biki ta iske baƙi a ɗakin mahaifiyarta.

Barista ya tambaye shi, "Baba, da za ku biya, kun tambayi su nawa ne magadan?" Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, mahaifinsu abokina ne, sahu ɗaya muke sallah shekara talatin. Da wane baki zan ce ma ɗanshi ya kawo mani shaida?"

Wannan maganar ce ta tsaya mani, don daga baya na yi ta jin irinta a bakin mutane kala-kala. Mutanenmu ba rashin wayo ke jefa su ba, kunya ce. Kana ganin in ka ce a kira ƙanwa ta faɗi da bakinta kamar ka ce ma yayanta maƙaryaci. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, kuma a kan mutanen da suka fi mu amana.

A lissafin gado gidan nan kashi shida ne, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Kenan matar nan tana da kashi ɗaya cikin shida, kuma ba wanda ya isa ya saida mata shi sai da yardarta, ko da kau yayanta ne da ya aurar da ita. Abin bai ma tsaya nan ba, a nan na fara jin kalmar shufa'a. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, in ana tarayya a gidan da ba a raba ba, wani ya saida kasonshi ga bare, abokin tarayyar na da damar ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe. Wato da tana da miliyan 5 a hannu, kuɗin kashi biyar ɗin 'yan'uwanta, dattijon nan fita zai yi da iyalinshi, ga shi ya riga ya yi sabon rufi ya zuba siminti a tsakar gida. Allah ya sa ba gidan take so ba, zafin raina ta da aka yi ne ya kai ta kotu. Sulhu aka yi, ya sake biyan kasonta a farashin da gidan ya kai lokacin, shi kau yayan ya riga ya cinye kuɗin, sai alƙawarin zai riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Wani abin da ya ƙara wahalar da mu, kuɗin a jaka ya kai su, lakadan, babu ko alat ɗaya da za a nuna. Mutane da yawa ba su san dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ya biya ko ya karɓi sama da miliyan 5 a hannu ba, sai ta banki. Ko ba don doka ba ma, tiransifa shaida ce da ba ta mantuwa, ba ta tafiya ci-rani.

Tun daga nan in aka kawo mana gidan gado abin da muke fara nema takardar rabon gado ce daga kotu, sannan kowane magaji ya zo da ƙafarshi, wadda ke cikin kulle a je har gida a ji daga bakinta. A tambaya akwai marayu ƙanana? Akwai bashi a kan mamacin ko wasiyya? Don bashi da wasiyya ake fara fiddawa kafin a raba komi.

Su kuma gidajen da ke da satifiket, wato takardar izinin zama a fili da gwamnati ke bayarwa, masu saye sukan saki jiki da zarar sun ga takarda mai tambarin gwamnati. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha gaba ɗaya a hannun gwamna a matsayin amana, abin da ke hannunka izinin zama ne, na gidan zama galibi shekara 99. Sashe na 22 ya ce ba ka saida ko jinginar da shi sai da sahalewar gwamna, na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa ma dokar ba shi da inganci. Amma sai ka ga gida ya bi hannu huɗu, satifiket na nan da sunan mutumin farko da ya rasu tun tuni, kowa ya miƙa ma na gaba da takardar wakilci kawai don gudun kuɗin canza suna da na hatimin haraji. Takardar wakilci ba ta maida ka mai gida, wakili ta maida ka. Kuma sai an je an duba fayil ake gane ko gidan na jingine a banki, shi dai bango ba zai faɗa maka ba. In ka ga tsohuwar takarda an rubuta jihar Kaduna kar ka tsorata, sai a 1987 aka cire Katsina daga Kaduna, ka dai je a tabbatar lambar fayil ɗin ta dace da sunan da kuma wurin.

Awon igiya na bayan gari, irin gonakin da ake yankawa ta hanyar Batagarawa ko Dutsin-ma, ban hana kowa ba, talaka nan ƙarfinshi ya kai. Ka dai ɗauki safiyo naka na kanka, ka leƙa hukumar tsara birane ka ji ko titi ko babbar wayar lantarki za ta bi ta wurin, don in gwamnati ta karɓa saboda amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ka gina ko ka shuka ce, ba ta kuɗin da ka ba dillali ba.

Su dillalai ban ce duka miyagu ba ne, kawuna ma sana'arshi kenan, sai dai la'adarshi ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka kullum zai ce maka akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe da safe.

Bara ƙanwar mahaifiyata ta tashi sayen wani kango a Sabuwar Unguwa, ta ce in raka ta. Da na ce ma mai saidawar a kira sauran magada, ta ɗan taɓa ni ta ce, "Kai ɗan nan, maƙwabtanmu ne fa." Na ce, "Inna, ki bar mani kunyar, ni zan ɗauka." Sai da muka yi sati uku muna jiran wata 'yar'uwarsu ta zo daga Maraɗi, ta zauna kan tabarma aka karanta mata takardar da Hausa, ta ce ta yarda, ta dangwala, sannan Inna ta tura kuɗin.