Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Likita Ya Ɗaga Aikin Bayana

Makon jiya na tsaya a inda hoto ya nuna gaɓa ta 4 a ƙashin bayana na ƙasa ta zame gaba a kan ta 5, tana danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Shi ya sa ko sallah sai a kan kujera. Mun riga mun sayar da filin Malam, kuɗi na hannu, ni dai so nake a yi aikin in huta.

Na shiga ofishin likita da jakar kayana, a zatona gado za a ba ni. Sai ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, kafin in sa miki ƙarfe, ina son in san ko ƙashinki zai riƙe shi."

Ya ɗauko kusa mai zare irin wadda ake dasawa, ta taitaniyom, ya sa min a tafin hannu. Ya ce huɗu za a murɗa a cikin gaɓoɓin biyu, a haɗa su da sanduna biyu. Amma ƙarfen tallafi ne kawai na wucin gadi. Ainihin warakar ita ce ƙasusuwan su manne su zama ɗaya, kuma hakan kan ci wata 6 zuwa 12. In ƙashi ya yi jinkirin mannewa, ƙarfe ne ke ɗaukar nauyin kowane sunkuyo, har kusa ta yi sako-sako ko sanda ta karye. Mahaifina kafinta ne, na san yadda kusa ke yi a katakon da gara ta ci.

Daga nan ya shiga tambayoyi. Yaushe na daina al'ada? Shekara 9 ke nan. Akwai ciwon suga? Akwai. Taba fa, ko ta shaƙawa? A'a. Ya ce ita taba tana hana ƙashi mannewa ƙwarai. Sai ya tambayi ko akwai maganin da na daɗe ina sha, na yi shiru.

'Yata Rabi ce ta ce, "Umma, ki faɗa masa ƙwayar nan."

Deksa ce, wato ƙwayar deksametason. Kusan shekara 6 ina sayenta a kemis saboda ciwon gwiwa, ba takardar likita. Tana sa in ji garau, har kumatuna suka ciko, mata suna cewa na yi kyau. Ban taɓa sanin tana zaizaye ƙashi daga ciki ba, tana kuma ɗaga suga. Har yau in na tuna yawan matan unguwarmu da ke shan ta don ƙiba, sai gabana ya faɗi.

Bai yi min faɗa ba. Ya dai gargaɗe ni kada in yanke ta rana ɗaya, domin jikin da ya saba da ita na iya durƙushewa. A hankali za a rage. Ya tura ni awon ƙarfin ƙashi. Ya ce in lamba ta kai -2.5 ko ta gangara ƙasa, ƙashi ya yi rauni. Tawa ta wuce nan. Ya kuma buɗe hoton CT, wanda ke nuna cikin ƙashi dalla-dalla, a kwamfuta ya auna kaurin cikin gaɓar da kusar za ta shiga, shi ma bai yi masa daɗi ba.

Ya ce ba ya iya rantsuwa cewa ƙarfen zai saki, amma alamun da ke nuna haɗarin sun taru a kaina da yawa. Shawararsa ita ce a ɗaga aikin, a gyara suga, a ba ni kalsiyom da bitamin D da maganin ƙarfafa ƙashi, sannan a ranar aiki a zuba wani siminti na musamman da zai kama kusoshin.

Na yi kuka a cikin adaidaita sahu har gida. Malam na zaune a soro yana jiran ya ji lambar gadon da aka ba ni. Yadda muka kwashe da shi a wannan dare, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.